Ɓera Ya Ci Algaitar Mahaifina

Shekarun baya, lokacin da kuɗin mai ya fara shigowa ƙasar nan kowa yana jin gobe sai ta fi yau, ni ma na sami aikin akawu a wani ofishin gwamnati a nan Gombe. Shekaruna ashirin da 'yan kai, ga wando mai faɗin ƙafa yana share titi, ga suma na tara kamar kwando, ga sabon babur. Da kun gan ni a lokacin, sai ku rantse ni nake riƙe da lardin. Abu ɗaya ne yake rage mini jin daɗi, shi kuwa yana nan rataye a ɗakin zauren gidanmu a unguwar Shamaki.

Mahaifina tsohon soja ne, ya yi yaƙin Bama, can ƙetaren teku, lokacin yaƙin duniya na biyu. A can ne wani Bature mutumin Sikotlan, irin waɗanda mazansu ke ɗaura ɗan zane mai gida-gida iya gwiwa, ya koya masa busa algaitarsu. Mu a gida algaitar soja muke ce mata. Salka ce ta fata da ake matsewa a hammata, da sanduna uku da ke kwanciya a kafaɗa suna gurnani, da bututun da ake hura iska, sai kuma mai ramuka wadda yatsu ke wasa a kanta. Baturen ya gaya masa shi ma a hannun kakansa ya koya, kuma a ƙasarsu kowane dangi da nasa sautin. Da aka gama yaƙi zai koma gida, sai ya bar masa ita.

Ba zan yi muku ƙarya ba, abin yana da shiga rai. Akwai wani sauti mai tafiya a hankali da suke busa wa wanda ya faɗi a fagen daga. In mahaifina ya ja shi da yamma, matan maƙwabta sukan dakata da daka. Ni kaina sai in ji kamar ana ta kiran wani da ya yi nisa. Amma kun san yadda ake kallon mai busa a wajenmu. Mahaifina bai taɓa roƙon kowa da ita ba, duk da haka tun ina firamare yara ke kirana ɗan mai jakar kuka. Da na zama akawu sai na riƙa gaya wa abokan aikina cewa mahaifina tsohon soja ne, in tsaya nan.

Salkar nan tana da nata hidimar. Zafin Gombe yana busar da fata, in ta bushe kuwa iska sai ta riƙa zurarewa. Saboda haka zuma ake ɗumamawa a zuba a ciki, a murza ta ko'ina har ta toshe ƙofofin fatar. Inda akwai zuma kuma akwai masu son ta. Shi ya sa mahaifina yake rataye ta da igiya a tsakiyar ɗaki, nesa da bango, ya kife gwangwani a jikin igiyar don ɓera, ya ɗaura tsumman kananzir don kiyashi.

Da damina ta faɗi a shekarar, ya shirya zai tare a gonarsa ta ƙauyen Kwadon har kaka, kamar yadda ya saba. Ya kira ni ɗakin zauren.

"Duk Juma'a biyu ka ɗumama zuma cokali uku, ka zuba, ka murza, ka zazzage saura. Sannan ka mayar da ita inda ka same ta. Inda ka same ta, ka ji ko?"

"Na ji, Baba."

Sau ɗaya na yi. A makon ne na sayi garmaho mai faifan waƙa, abokan aikina suka ce za su zo gani. Ɗakin zauren nan ne kawai wurin saukar baƙi. Na tsaya ina kallon algaitar tana reto a tsakiyar ɗaki da gwangwaninta da tsummanta, na ga yadda za su yi ta tambaya, na ga yadda labarin zai zagaye ofis. Sai na kwance ta, na kai ɗakin hatsi, na ɗora a kan buhunan dawa, na rufe da wani tsohon buhu. Na ce da sun tafi zan mayar. Ku lura, kwana biyu ke nan da na cika ta da zuma. Walima na haɗa wa ɓeraye, har da yi musu rumfa.

Baƙi suka zo, suka yaba garmaho, suka tafi. Ɗakin ya yi mini kyau ba algaita, na ce bari sai gobe. Goben nan ta kai wata biyu da wani abu.

Wata Asabar da hantsi ina wanke babur a ƙofar gida, sai ga babban ɗan aminin mahaifina. Aminin nan Kirista ne, mutumin ƙasar Tangale, yana zaune a unguwar Nasarawo. Tare suka yi Bama. Mu Baba Saja muke ce masa, shi kuma har kullum Kofur yake kiran mahaifina, kamar ba a sallame su ba. Na ga idon ɗan nasa ja, ko gaisuwar kirki ba mu yi ba.

"Likita ya ce mu dawo da Baba gida," in ji shi. "Tun jiya ko kunu ba ya sha. Magana ɗaya yake ta yi, a kira masa Kofur ya zo da algaita. Ya ce sun yi alkawari za a busa masa, amma kada a jira sai an kai shi kabari, a can ba zai ji ba."

"Yanzu yaya jikin?"

"Ban sani ba ko zai kai yamma. Ni zan je Kwadon in ɗauko Baba Kofur. Kai dai ka sauko da ita ka shirya."

Ya tayar da babur ɗinsa ya tafi. Kalmar nan ta "sauko da ita" ce ta tuna mini inda na bar ta. Na bar soso a ƙasa na ruga ɗakin hatsi.

Tun kafin in ɗaga buhun na ji warin. Da na ɗaga, kiyashi suka watse ko'ina. Salkar ta bushe ta ƙandare kamar kilishi. A gefe ɗaya ga rami ya kai tafin hannuna, bakinsa duk sawun haƙori, ga wasu ƙanana biyu kusa da ɗinki. Na zura yatsu uku ta ramin suka fito ta ɗaya gefen. Ban san lokacin da na zauna a kan buhun dawa ba. Abin da ya tsallake teku, ya tsallake yaƙi, ya yi shekara kusan talatin a hannun mahaifina ko ƙwarzane babu, ni na gama da shi saboda garmaho.

A haka mahaifiyata ta same ni. Ta kalli salkar, ta kalle ni, ta dafe ƙirji.

"Hande en boni, yau mun shiga uku! Kai ɗan nan, me ya kawo ta nan?"

"Inna, baƙi na yi, na ce..."

"Baƙi? Cin mutum take yi?"

Ta ji saƙon da aka kawo, don a tsakar gida take lokacin da ake maganar. Na ce bari in ruga wajen dukawa.

"Jakar baduku kaya take riƙewa, ba iska ba," ta ce. "Tafi maƙera, wajen tsohon nan mai ɗinka zuga-zugi. Tashi mana! Zama ba ya ɗinke fata."

Na naɗe algaitar a zane, na ɗaure a bayan babur. Ko a wannan halin, Allah ya yafe mini, sai da na tabbatar sandunan ba su leƙo ba.

Tsohon maƙerin irin mutanen nan ne da ba a taɓa gaya musu ana sauri a duniya ba. Sai da ya tambayi gida, ya tambayi damina, ya tambayi aiki, sannan ya karɓa. Ya juya ta, ya shinshina, ya leƙa ta ramin ya hango ni.

"Ta Kofur ce wannan. Ya sani?"

"Bai sani ba tukuna, Baba."

"Uhm. To, sabuwa za a yi. A yanka akuya, a jeme fata, a ɗinka. Ka dawo bayan kwana bakwai."

"Baba, wanda za a busa wa ba shi da kwana bakwai. Ko yau ɗin ma ba a tabbata ba."

Na gaya masa komai, har da garmahon. Ya miƙa hannu bayansa ya jawo wani tsohon zuga-zugi, ya yanko fata daga jiki. Ya aika aka kawo man shanu, ya shiga murza salkar a kan gwiwarsa don ta yi laushi ta karɓi basilla.

"Maho zan yi mata," ya ce. "Amma ka sani, fatar da ta mutu ba ta riƙe ɗinki. Zan sa kakin zuma, sauran kuma sai Allah."

Ban taɓa ganin rana mai gudu irin ta ranar ba, ban kuma taɓa ganin hannu mai nawa irin na tsohon nan ba. Ya huda, ya zura, ya ja, ya duba, ya sake hudawa. Sau biyu fatar tana yagewa a bakin ɗinki ya koma baya. Ni kuwa ina tsugune, gumi ya jiƙa rigata. Duk babur ɗin da ya tunkaro sai in miƙe in leƙa. Ban san wanne na fi tsoro ba, a ce ga mahaifina ya iso, ko a ce an aiko daga Nasarawo ba sai an zo ba. Aka kira azahar, na yi salla a gefen maƙera, amma kada ku tambaye ni raka'a nawa na yi.

Ana cikin mahon ƙarshe mahaifina ya iso. Mahaifiyata ce ta gaya musu inda nake. Ya sauko daga bayan babur da kayan gona a jikinsa, taɓo har ƙwauri. Ɗan Baba Saja ya ce shi zai wuce gida, mu biyo shi da sauri. Mahaifina ya gaisa da maƙerin, sannan ya tsaya yana kallon salkarsa da maho uku a jiki. Na durƙusa.

"Baba, ni ne."

"Na sani," ya ce. "Ɓera ba ya hawa igiyata."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Wallahi da mari ya yi mini da na fi samun sauƙi.

Da aka gama, ya karɓa ya duba 'yan harsunan karan da ke cikin sandunan. Su ɓera bai kai gare su ba. Ya saɓa sandunan a kafaɗa, ya sa bututun a baki, ya hura, ya hura, ya matse. Gurnani ya tashi. Na ji kamar in yi sujada. Amma kafin yatsunsa su yi nisa sai sautin ya lanƙwashe, ya yi wani kuka kamar ɗan akuya, ya mutu. Mahaifina ya sunkuya yana tari. Da ma ya daɗe da tarin nan, ga shi ya haura sittin.

Ya nemi totuwar masara, ya fere, ya toshe sanduna biyu don su daina shan iska, ya bar ɗaya. Ya sake gwadawa. Wannan karon ta ɗan jima, sannan ta sake mutuwa. Na ga jijiyoyin wuyansa sun tashi.

Maƙerin ya kara kunne a jikin ɗinkin. "Tana fita ta nan, Kofur, kaɗan-kaɗan. Abin da kake zubawa bai kai abin da ke zurarewa ba. Ƙirjin saurayi take so."

Mahaifina ya juyo ya dube ni. Tun da ya iso sai lokacin ya kalli idona.

"Kana da numfashi?"

"Baba, ban iya ba."

"Ban ce ka iya ba. Yatsu nawa ne, hammata tawa ce. Kai hurawa kawai za ka yi. Kada ka bi waƙar, za ta ruɗe ka. Ka kalli gwiwar hannuna. In ta shiga ciki, salka ta yi yunwa, ka hura. In ta fito, ka ja numfashi."

Sau ɗaya muka gwada a bakin maƙera, na rankwafa a kafaɗarsa ta hagu, sumata tana shiga tsakanin sanduna. Bututun yana ɗanɗanon tsohuwar zuma da man shanu da wani abin da ban so in san ko mene ne ba. Sautin ya tsaya. Bai bari mun kai ƙarshe ba, ya ce mu tafi. Wannan karon ba a naɗe ta a zane ba. Haka ya rungume ta a bayan babur, sanduna a sama, muka ratsa gari.

Da muka isa Nasarawo na tsaya ina sauraro kafin in kashe babur. Waƙa na ji, ba kuka ba. Matan zumuntar cocinsu ne suke rerawa a hankali a tsakar gida. Yana nan da rai. Sai dai ina ɗaga kai, wa zan gani a kan benci a gindin bishiya? Shugaban ofishinmu, ashe cocinsu ɗaya, da ɗaya daga cikin waɗanda suka zo ganin garmahona. Mahaifina bai waiwayo ba, ya yi sallama ya shige. Na bi shi, don babu wata hanya.

Ya ce ba a busa ta a cikin ɗaki, ƙararta ta fi ƙarfin bango huɗu. Aka ɗauko gadon Baba Saja aka ajiye a bakin ƙofa. Mutumin da na sani ƙato, mai murya kamar ganga, ya koma ƙashi da fata. Idonsa a rufe. Mahaifina ya tsaya a tsakiyar gida, ya haɗa ƙafafu kamar a fareti, da taɓon gonarsa da komai. Ni kuma na rankwafa a kafaɗarsa na kama bututu da baki, a gaban kowa.

Na hura. Gurnanin sanda ɗaya ya tashi, sannan yatsunsa suka shiga.

Ban ji farkon waƙar ba, gaskiya. Gwiwar hannunsa kawai nake kallo, ina addu'a kada ɗinkin tsohon nan ya buɗe. Ina jin iska tana tsiyaya ta mahon tana taɓa mini wuya. Kumatuna suka fara zafi, leɓena yana zamewa, idona yana ganin taurari. Sau ɗaya na makara, sautin ya fara lanƙwasa, na ji mahaifina ya matse salkar da duk ƙarfinsa har na cim masa. Na ce a raina, in na saki, mutumin nan zai tafi da rabin waƙa, kuma ni na jawo.

Can wajen tsakiya sai na lura gidan ya yi tsit. Matan sun daina waƙa. Duk da an hana ni, sai sautin ya shige ni. Bai taɓa zuwa mini kusa haka ba, ina jin shi a haƙorana da ƙashin ƙirjina. Na saci kallon gadon. Idon Baba Saja a buɗe, hawaye yana gangarawa cikin kunnensa, yatsunsa biyu suna bugun gefen gado a hankali, daidai da tafiyar waƙar. Ni ma hawayen nake yi, ga hurawa, ga majina. Ba kyan gani, na tabbata.

Muka kai ƙarshe. Mahaifina ya ɗauke hammata, sautin ya yanke. Na saki bututun ina haki.

"Kofur," in ji Baba Saja. Sai da aka yi shiru sosai aka ji shi.

"Saja."

"Biyu sun yi shiru. Guda ɗaya na ji yana kuka a baya."

Ashe kunnen yana nan garau. Na jira mahaifina ya nuna ni.

"Tsufa ne, Saja," ya ce. "Mu ma ai saura ɗai-ɗai."

Baba Saja ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. "Ba komai. Ya kai ni. Na ga kogin nan na Bama, na ga yaran namu duka." Ya juyo da ido wajena. "Wannan mai kumburin kumatu fa?"

"Ɗana ne."

"Yana da iska. Ka riƙe shi."

Washegari Lahadi da rana ya rasu.

Ranar Litinin kuwa abin da na gudu ya same ni. Kafin in ajiye babur labari ya riga ni shiga ofis, aka laƙaba mini akawu mai busa, sunan ya bi ni har na bar wurin. Abin mamaki, ban mutu ba. Ko ciwon kai ban yi ba. A kan wannan ɗan abin ne na kusa sa dattijo ya karya alkawarin da ya ɗauka tun a bakin daga.

Daga baya an yi wa algaitar sabuwar salka, na kuma roƙi mahaifina ya koya mini. Ya fara, amma yatsunsa sun riga sun soma ƙagewa, ni ma nawa sun saba da biro. Rabin sautin nan kawai na samu kafin ya bar duniya. Bature ya ɗauko abin kakansa daga wata uwa duniya ya damƙa wa mahaifina, mahaifina ya riƙe shi tsaf, da ya iso kaina sai ya tsaya a rabi. Yanzu in na ga 'yan sanda suna fareti da irinta, nakan tsaya in gaya wa duk wanda ke kusa da ni cewa mahaifina ya fi su iyawa, ko bai tambaye ni ba. Alfaharin ya zo, sai dai ya zo bayan mai shi ya tafi. Ku da naku iyayen ke raye, in akwai wani abu nasu da kuke turawa bayan ƙofa in za ku yi baƙi, ku sake tunani.

Maganar ɓeran nan sau ɗaya tak ya sake tayar mini, a ranar, muna kan babur za mu koma Shamaki. Mun yi nisa a hanya. Sai na ji ya matso da bakinsa kusa da kunnena saboda iska, ya ce, ba da faɗa ba:

"Da ka gaya mini kunya take ba ka, ai da na tafi da ita gona."

Na yi kamar ƙarar babur ta hana ni ji. Ya san na ji.